Kwanon da Alisabatu ke kaiwa Tsibiri

Alisabatu mai zogale ta kusa shekara sittin yanzu. Tana zama ƙarƙashin wani dogonyaro a Sabon Gari, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, tasar dambu a damanta, tasar kwaɗon zogale a hagunta. Majami'armu ɗaya da ita, kuma mun daɗe muna maƙwabtaka. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma daga bakinta na ji shi.

A Jiratawa aka haife ta, gidan wani mai garka da ake kira Jibo. Tana budurwa takan kawo zogalen garkar ubanta kasuwar Maraɗi, a can ta haɗu da Ilyasu, wani kafinta Kirista ɗan Tsibiri. Sai da ta yi shekara biyu tana jin maganarsa da ta 'yan'uwansa kafin ta ce ita ma wannan hanya za ta bi. Ranar da ta faɗa a gida, Jibo bai buge ta ba, bai zage ta ba. Ya ce ta kwashe kayanta, kada ƙafarta ta sake taka zaurensa.

Wanda ya karɓe ta shi ne Fasto Filimon, mai riƙe da ikilisiyar su Ilyasu a Tsibiri a lokacin. Dogo ne, mai kaurin murya, ba ya yawan dariya. Ya sa ta ɗaki ɗaya da ɗiyansa mata, matarsa Rifkatu ta koya mata karatu. Shi ya yi mata baftisma a gulbi wata damina, shi ya zaɓa mata sunan Alisabatu, kuma ranar aurenta da Ilyasu shi ya tsaya a matsayin uba. Tun daga ranar ba ta kira shi Fasto ba, sai Baba. Ba ta gaishe shi a tsaye.

Ta haifi huɗu, uku suka koma tun suna ƙanana, aka bar ta da mace ɗaya, Tamara. Ilyasu ya rasu shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, Tamara na da shekara tara. Bayan nan aka ɗauke Fasto Filimon daga Tsibiri aka kawo shi majami'armu a Maraɗi, Alisabatu ma ta biyo da ɗiyarta, ta kama ɗaki a Sabon Gari, ta koma sana'ar da ta sani tun ƙuruciya.

A waɗannan shekaru ne labari ya zo mata cewa Jibo na kwance. Ta dama fura mai kyau, ta hau mota zuwa Jiratawa. Ƙanenta ya tarye ta a ƙofar gida, ya shiga ya faɗa, ya fito kansa a sunkuye.

"Yaya, ya ce ki koma."

Ta ajiye ƙwaryar a bakin zaure ta juyo. Sau uku tana zuwa, sau uku tana komowa haka. Ya rasu ba su ga juna ba. Ta ce mini abin da ya fi yi mata ciwo ba korar ba ce, a'a, ko ruwa ba ta taɓa miƙa masa ba yana kwance.

Tamara ta tashi yarinya mai fara'a, mai murya. Ita ke ja wa 'yan waƙa baki ranar Lahadi, kuma ta yi lakwal, wato karatun boko, har ta kusa zama malamar makaranta. Alisabatu kuwa ita ce shugabar zumuntar mata. Fasto Filimon yakan kira Tamara jikata, in ta gama waƙa yakan gyaɗa kai, wanda a wurinsa babban yabo ne.

Tana da shekara ashirin da ɗaya ciki ya bayyana gare ta. Yaron da ya yi mata cikin ɗan wani dattijon ikilisiya ne, kuma kafin magana ta fasu iyayensa sun tura shi Yamai karatu. Dattawa suka zauna suka yanke cewa za a sa Tamara a horo: a tsaida ta gaban jama'a a faɗi laifinta, a hana ta waƙa da jibin Ubangiji, ta riƙa zama bencin baya. Ita ma uwar za ta sauka daga shugabancin mata.

Ranar Asabar da la'asar Alisabatu ta tafi gidan Fasto, ta durƙusa a tsakar gida.

"Baba, ban ce ba ta yi laifi ba. Ta yi. Amma a yi horon nan a ɗaki, gaban dattawa. Yarinyar nan kwana huɗu ba ta ci abinci ba."

"Alisabatu, tashi."

"Ba ni tashi, Baba. Shi yaron ina yake? Ita kaɗai za a tsaida?"

"Wanda ke gabana shi nike horo," in ji shi. "In na rufe naki don ke ɗiyata ce, gobe mi zan ce ma wani? Kowa ya san daga gidana kika yi aure."

Washegari aka tsaida ta. Ina wurin. Tamara ta sa wani zane shuɗi, ta harɗe hannuwa a kan cikinta, Fasto Filimon ya karanta abin da dattawa suka rubuta da wannan muryar tasa, bai rage ko kalma ɗaya ba.  Da ya gama ya ce ta je ta zauna baya. Ta bi tsakanin layukan benci kowa na kallon ƙasa.

Lahadi biyu ta zauna a bencin nan. Kafin ta uku ta shiga motar Damagaram, wurin wata ƙawarta ta lakwal. Takan kira uwar a waya ta ce tana lafiya, kada ta zo tukuna. Bayan wata huɗu ƙawar ce ta kira, ta ce naƙuda ta zo da gardama, an kai ta likita a makare, ita da abin da ke cikinta duka ba su yi rai ba. Kafin Alisabatu ta isa, Kiristocin can sun riga sun binne ta saboda zafi.

Fasto Filimon ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarma ya yi addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemunsa. Alisabatu ta ce tana ta jira, ko da zai tashi, ko a bakin ƙofa, ya ce mata wani abu game da waccan Lahadin. Ya sa takalmansa ya ce Ubangiji ya ba ta haƙuri, ya tafi.

Mun zaci za ta bar majami'a. Ba ta bari ba. Kowace Lahadi tana zuwa, tana durƙusa masa a bakin ƙofa kamar da, amma ba ta ƙara zama gaba ba. Daga gaisuwa kuma ba ta ƙara masa ko kalma. Haka aka yi shekara shida.

Sai tsufa ya kama shi, ya ajiye aiki ya koma gidansa na Tsibiri. Ba a jima ba Mama Rifkatu ta rasu. Shi kuma yanar ido ta rufe masa gani, sannan hankalinsa ya fara gushewa: yakan fita da safe ya ce zai je sujada ranar Talata, yakan kira mutane da sunan waɗanda suka daɗe da mutuwa. Ɗiyansa mata suna aure nesa, babban ɗansa Toma yana aiki a Yamai. Zumuntar mata ta tsara cewa kowace mace za ta ɗauki rana ta kai masa abinci ta yi masa shara. Wata biyu na farko an yi da himma. Daga nan wannan ta ce ɗanta ba lafiya, waccan ta ce hanya ta yi nisa.

Ba wadda ta sa sunan Alisabatu a tsarin, don kunya. Ita ta zo da kanta ta ce a ba ta Alhamis.

Ranar da ta fara zuwa ta iske shi zaune a ƙasa bakin randa, rigarsa ta ɓaci, ƙudaje na binsa. Tuwon da aka kawo shekaranjiya na nan a rufe ya yi tsami, don bai ga inda aka ajiye shi ba. Ta ce ta daɗe tsaye a ƙofa da kwano a hannu. Sannan ta yi sallama.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Baba. Alisabatu."

"A'a, ɗiyata! Kin dawo daga gulbi?"

Ta ɗora ruwa, ta roƙi wani maƙwabcinsa ya yi masa wanka, ita kuma ta wanke kayan, ta share ɗakin, ta zauna tana gutsura masa tuwo tana sa masa a hannu. Daga Alhamis abin ya koma sau uku a mako, kafin damina ta faɗi ya zama kullum. Takan sayar da zogalenta da safe, azahar ta bar sauran a hannun maƙwabciyarta Tasalla mai ƙosai, ta ɗaure kwanon tuwon gero a ɗankwali, ta hau kabu-kabu zuwa Tsibiri.

Tasalla musulma ce, kuma ita ta riƙe Alisabatu lokacin rasuwar Tamara, don haka ba ta ɓoye abin da ke ranta. Wata rana ina wurin ta ce mata:

"Ke wai wace irin zuciya gare ki? Mutumin da ya tozarta miki ɗiya, shi kike wanke ma kashi? Ba shi da 'ya'ya?"

Alisabatu na ɗaure kwano, ba ta ɗago ba.

"Ranar da ba ni da inda zan kwana shi ya buɗe mini ƙofa. An umarce mu mu girmama iyaye da waɗanda suka yi kiwonmu a bangaskiya, kuma ban ji inda aka ce sai in ba su yi kuskure ba. Ubana na jini bai bari na yi mishi ba. Wanga shi ya rage mini."

"To kin yafe mishi ke nan?"

"Riƙe mini tasar nan, rana na yi," in ji ta.

Wahalar hanya da wanki ba su ne suka fi ci mata rai ba. Wata rana yana cin abinci sai ya tsaya ya karkata kai kamar mai saurare.

"Ina jikata? Kwana biyu ban ji muryarta cikin 'yan waƙa ba."

 Alisabatu ba ta saba yi masa ƙarya ba, sai ta ce, "Baba, Tamara ta rasu." Ya saki lomar da ke hannunsa, ya fashe da kuka irin na wanda ya ji yanzu-yanzu, yana tambaya yaushe, mi ya same ta, don mi ba a faɗa mishi ba. Ranar bai ƙara cin komai ba. Washegari ta zo, ya ci rabin tuwo, ya karkata kai.

"Ina jikata?"

Sau uku tana faɗa masa gaskiya, sau uku yana yin sabon makoki, ita ma tana komowa Maraɗi ido a kumbure. Ta je wurin sabon fastonmu, wani matashi mai kirki, ta tambaye shi ko zunubi ne ta ce masa Tamara na lafiya. Ya yi ta juya maganar, ƙarshe ya ce zai yi addu'a a kai. Sai ta samo wa kanta amsa. In ya tambaya takan ce, "Tana Damagaram, Baba." Shi kuma ya ce, "To, ki ce ta zo kafin Kirsimati, waƙa ta lalace." Kusan kullum sai sun yi wannan, har shekara biyu.

Akwai ranar da ta kasa. Ranar da Tamara ta cika shekara tara da rasuwa ce, an yi ruwa, hanyar Tsibiri ta yi caɓi, mai kabu-kabu ya zame da ita har gwiwarta ta goge. Ta iso a jiƙe, ta iske ya zubar da kunun da ta bar masa, ya tattake shi a tabarma. Tana cikin gogewa ya ce:

"Yarinyar nan ta cika yawo. Mi take yi Damagaram har yanzu? Ke ma ba ki tsawata mata."

Ta jefar da tsumman. Ta ce ba ta san lokacin da muryarta ta tashi ba. Ta faɗa masa komai: cikin, zaman dattawa, yadda ta durƙusa tana roƙo, shuɗin zanen, bencin baya, yaron da aka tura Yamai wanda yanzu har ya yi aure da 'ya'ya, kabarin da ba ita ta zuba wa ƙasa ba. Ta ce fasto ya tsaida ta gaban jama'a tana da ciki wata biyar, ya karanta laifinta kamar sanarwa.

Yana saurare, fararen idanunsa na kallon bango. Da ta gama sai ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta da.

"Wane fasto ne wannan?"

Ta sunkuya ta ɗauko tsumman.

"Bai yi daidai ba," in ji shi. "Ba haka ake kiwon tumaki ba. Yarinya ƙarama, ita kaɗai? Ki turo mini shi, ni zan yi mishi magana. Don mi ba ki zo wurina ba tun farko, ɗiyata?"

Alisabatu ta ce ta buɗe baki ta ce masa kai ne, kalmar ta ƙi fita. Shekara tara tana jiran ta ji an ce ba a yi daidai ba, ga shi ta ji daga bakin da take so, amma mai bakin bai san kansa yake wa hukunci ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ko kwanon ba ta ɗauka ba.

Kwana uku ba ta koma ba. Ta zauna gindin dogonyaro tana sayar da zogale har la'asar. Rana ta huɗu maƙwabcin nan na Tsibiri ya kira ta. Tsohon ya fito da hantsi yana laluben ƙofa yana kiran sunanta, ya yi tuntuɓe da turmi ya faɗi, ƙugunsa ya karye.

Daga wannan faɗuwar bai ƙara tashi ba. Toma ya zo daga Yamai ya kai shi likita, aka ce tsufa ya yi yawa, a koma da shi gida. Toma ya kwana biyar ya koma bakin aiki. Alisabatu ta rufe sana'arta ta tare a Tsibiri, tana juya shi kada bayansa ya yi gyambo, tana ɗura masa kunu da cokali. Ko da na je duba su ta rame, gwiwar nan ta kumbura. Na ce mata faɗuwar ba laifinta ba ce.

"Ni na san kwana ukun da na yi," ta ce. "Ba ciwo ya hana ni zuwa ba."

Wata huɗu ya yi a kwance. Ya daina tambayar Tamara, ya daina gane kowa, wani lokaci ya kira Alisabatu Rifkatu, wani lokaci Inna. Ya cika wata Laraba da hantsi tana goge masa fuska.

Jana'izar ta tara jama'a, fastoci sun zo daga Maraɗi da Yamai har da ƙetaren iyaka. Aka yi ta ba da shaida a kansa: majami'un da ya kafa, mutanen da ya yi wa baftisma, marayun da ya riƙa. Duk gaskiya ne. Wani dattijo ya tashi ya ce abin da ya fi tunawa shi ne Fasto Filimon ba ya duban fuska wajen horo, ko na gidansa ne. Mutane suka ce amin. Alisabatu na zaune cikin mata kusa da ni, na ji ta ja numfashi, ba ta motsa ba. Toma da ya zo godiya ya ambaci zumuntar mata gaba ɗaya, ya ce Allah ya saka musu da suka kula da mahaifinsa.

Bayan mako biyu Toma ya roƙe ta ta kwashe ɗakin, don zai sa 'yan haya. Ta ce mini ta zazzage kowace takarda da ke akwatinsa, tsofaffin wa'azi da sunayen waɗanda ya ɗaura wa aure, tana duba ko ya taɓa rubuta wani abu game da Tamara lokacin da hankalinsa ke nan. Ba ta samu komai ba. Ta ninke rigunansa ta raba wa tsofaffin unguwar, ta share ɗakin, ta miƙa makulli.

Ta dawo Sabon Gari ta iske wata ta kama rabin masu sayenta. Gwiwar ba ta warke ba, yanzu da sanda take tafiya, kuma ba ta iya zuwa saro zogale da kanta, sai an kawo mata. Matan majami'a sun zo su uku suna roƙo ta koma shugabancin zumunta, ta yi musu godiya ta ce ƙarfinta ya ƙare.

Kwanan baya na zauna wurinta ina cin dambu, ba kowa sai mu biyu. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko zuciyarta ta huce a kansa. 

"Wata rana in na tashi sai in ji kewarshi," ta ce. "Wata rana kuma ko sunanshi ba ni son ji. Na faɗa ma Ubangiji duka biyun, shi ya san yadda zai yi da su."

Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce a sa masa zogale, a ƙara yaji. Ta jawo tasar ta fara zubawa.